Kafin zuwan wayar hannu: Mario, Sega da shagon gem na unguwa

A hutun da ya wuce ana gyaran ɗaki a gidanmu, sai aka jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai hannun gem guda biyu da wayoyinsu suka cukuikuye, da wata bindigar roba, da wani kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa 9999999 in 1. Ɗan yayata mai shekara 12 ya ɗauki kaset ɗin, ya juya shi gaba da baya, ya ce, “Kawu, wannan caja ce ko memori?”

Na yi dariya, amma tambayar ta tsaya mini a rai. Yaron nan yana da gem ya fi ashirin a wayar mahaifiyarsa, bai kuma taɓa jin labarin abin da ya sa mu shan bulala muna kamarsa ba. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi haka suke. To ga labarin na'urorin da yayyenku, da malamanku, da wasu iyayenku suka yi rububi a kai, da dalilin da ya sa har yau suke kewar su.

Shagon gem na unguwa

A ƙarshen shekarun 1990, gidan da ke da gem nasa na kansa ƙalilan ne. Sauranmu sai shagon gem. Ɗan ƙaramin shago ne, da benci biyu ko uku, da talabijin mai doro a kan tebur, da labule a ƙofa don kada haske ya dame allo. Zafi kamar gidan burodi, amma ba mai fita.

Dokar wurin ɗaya ce, kowa ya san ta: wanda aka ci ya miƙa hannu. Gwani yakan shafe awa guda a zaune, ana ta canza masa abokan karawa. Waɗanda ba su da kuɗi suna tsaye a baya, su ne 'yan kallo, su ne masu sharhi, su ne kuma masu koyar da mai wasa abin da su kansu ba su iya ba. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, sai gardama ta kaure a kan wa ke gaba, kuma ko kuɗin ya ƙone ko za a sake daga farko.

Kuɗin wasan yawanci kuɗin tara ne. Mutum ya haƙura da awara ko gurasa a makaranta, ya wuni da yunwa, don ya samu na wasa biyu da yamma. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da na bi ta shagon a hanyar Islamiyya da niyyar kallon minti biyar, ban farga ba sai da na ji kiran sallar magariba. Yayana ne ya zo ya fito da ni riƙe da kunne. Abin da ya biyo baya a gida ba sai na faɗa ba.

Daga katin karta zuwa Mario

Kamfanin da ya fi kowa tasiri a wannan harka, wato Nintendo, ya girmi talabijin kanta. An kafa shi a birnin Kyoto na Japan a 1889, kuma katin wasa irin na karta yake bugawa. Sai bayan shekaru da dama ya koma kayan wasan yara, daga nan ya shiga na lantarki.

Amurka ce ta fara cin kasuwar gem na gida. A 1972 aka fitar da Magnavox Odyssey, a 1977 kuma kamfanin Atari ya fito da na'urarsa da ta shiga miliyoyin gidaje. Amma a 1983 kasuwar ta rushe, domin kamfanoni sun cika kantuna da wasanni marasa inganci har masu saye suka gaji. Atari ya kwashi kaset ɗin da suka yi kwantai ya binne a wani juji a garin Alamogordo da ke Jihar New Mexico. An daɗe ana ɗaukar zancen a matsayin almara, sai a 2014 da aka tona wurin aka same su.

A shekarar da kasuwar Amurka ke rushewa, ranar 15 ga Yuli, 1983, Nintendo ya fitar da Family Computer a Japan, wadda ake taƙaitawa da Famicom. A 1985 ta shiga Amurka da sunan NES, kuma a shekarar ne aka fitar da Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto ya jagoranci ƙirƙirarsa. An sayar da fiye da kwafi miliyan 40 na wannan wasa kaɗai.

Sai dai ga wani abin da yawancinmu ba mu sani ba a lokacin: mafi yawan na'urorin da suka iso kasuwanninmu ba na Nintendo ba ne. Kwaikwayo ne da ake ƙerawa a Taiwan da China, da sunaye iri-iri kamar Terminator da PolyStation. Ba mu kaɗai ba ne, yaran Rasha ma da irin wannan kwaikwayo suka tashi, mai suna Dendy. Shi kuwa kaset mai alƙawarin wasanni miliyan tara da ɗoriya, idan ka bi jerin sai ka tarar 'yan wasanni ne ƙalilan ake ta maimaitawa, an canza musu suna, ko launi, ko matakin farawa. Duk da haka ba mu taɓa jin an cuce mu ba. Akwai Mario, da Contra, da wasan tankar yaƙi, da na harbin agwagwa, da na ɗan wasan da ke tsallake zoben wuta a kan zaki. Sun ishe mu.

Yin abu mai yawa da kaɗan

Ga wanda ke son kwamfuta, nan ne labarin ya fi daɗi. Dukkan wasan Super Mario Bros., da matakansa 32, da kiɗansa, da hotunansa, girmansa kilobayit 40 ne kacal. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayar zamani yakan ninka wannan sau hamsin ko fiye. Ma'ajiyar aiki ta na'urar kuwa kilobayit 2 ce.

Wannan ƙarancin wuri ne ya tilasta wa masu ƙirƙirar yin dabara. Ka lura da gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa a wasan Mario: zane ɗaya ne, an canza masa launi kawai, fari a sama, kore a ƙasa. Kamannin Mario kansa ma daga nan suka samo asali, tun fitowarsa ta farko a wasan Donkey Kong a 1981. Ɗigon da ake zana shi da su ba su da yawa, don haka aka sa masa hula saboda zana gashi na da wuya, aka yi masa gashin baki don a huta da zana baki, aka sa masa riga da wando masu launi daban don a riƙa ganin motsin hannunsa.

Bindigar harbin agwagwa kuwa, wadda muke zaton tana harba wani haske cikin talabijin, ba ta harba komai. Ido ne da ita a ciki mai gane haske. Da zarar ka danna kunamar, allon zai yi baƙi na ɗan ƙiftawar ido, sannan a haska farin murabba'i a daidai inda agwagwar take. Idan bakin bindigar na kallon wurin, idon zai ga farin, sai a ce ka samu. Idan bai gani ba, sai karen nan ya leƙo daga ciyawa yana yi maka dariya. Wannan dabara ta dogara ne da yadda tsohuwar talabijin mai doro ke aiki, shi ya sa bindigar ba ta yi a talabijin ta bango ta yanzu.

Sai batun hura kaset. Duk wanda ya yi zamanin ya san idan hoto ya ƙi fitowa, sai a zare kaset, a hura masa iska da baki, a mayar. Gaskiyar magana ita ce zarewa da mayarwar ne ke gyara zaman ƙarafan da ke haɗa kaset da na'ura. Hurawar kuwa illa take yi, domin danshin baki na sa ƙarafan tsatsa a hankali. Mun yi shekaru muna lalata kayanmu da kanmu, muna ganin gyara muke yi.

Zamanin Sega da sirrin madannai

A 1988 kamfanin Sega ya fitar da Mega Drive, mai hoto da sauti da suka fi na Famicom, sannan a 1991 ya kawo Sonic, bushiya mai launin shuɗi da gudun tsiya, don ya kara da Mario. Sunan Sega ya kama bakin mutane a nan har ta kai wasu na kiran kowace irin na'urar gem da shi.

Abin da ya fi cika shago a zamanin Sega shi ne wasannin faɗa, musamman Street Fighter II da Mortal Kombat. Kowa da gwaninsa, wani Sub-Zero mai daskarar da mutum, wani Scorpion mai jefa igiya ya fizgo abokin faɗa. Jinin da ake nunawa a Mortal Kombat ya tayar da hankalin iyaye a Amurka, har Majalisar Dattawan ƙasar ta yi zama a kai a Disambar 1993. Sakamakon haka ne a 1994 aka kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa. Wannan alama tana nan har yau a jikin faifan gem, kuma ya kamata ku da iyayenku ku riƙa duba ta.

Babu intanet a lokacin, amma sirrin wasa na yawo daga unguwa zuwa unguwa, a baki ko a bayan littafin lissafi. Mafi shahara shi ne na Contra: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Wanda ya danna shi daidai kafin a fara zai samu rai 30 maimakon uku. Wani ma'aikacin kamfanin Konami mai suna Kazuhisa Hashimoto ne ya ƙirƙire shi a 1986, lokacin da yake gwajin wani wasa mai suna Gradius da ya yi masa wuya, sai ya yi wa kansa hanyar sauƙi, aka kuma fitar da wasan da ita a ciki. Yaron da ya haddace wannan sirri a unguwarmu, ana girmama shi kamar wanda ya zo na ɗaya a aji.

PlayStation da gudun Babangida

PlayStation ta samo asali ne daga saɓani. Sony da Nintendo sun yi yarjejeniyar haɗa na'ura mai amfani da faifan CD, amma a 1991 Nintendo ya juya ya ƙulla da kamfanin Philips. Wani injiniyan Sony, Ken Kutaragi, ya dage cewa su ci gaba su kaɗai. A Disambar 1994 aka fitar da PlayStation a Japan, kuma an sayar da fiye da miliyan 100. Ƙanwarta PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, ta haura miliyan 150.

Da zuwanta shagon gem ya koma filin ƙwallo. Wasan Winning Eleven na Konami ya kori kusan komai. Sau da yawa rubutun da sharhin duk da Japananci suke, amma yara sun haddace inda za su danna su canza ɗan wasa ko tsarin tsayuwa ba tare da sun iya karanta harafi ɗaya ba. Idan faifai ya ƙi karantuwa, a goge shi da gefen riga, ko a kifa na'urar a kan bayanta, kowa ya yi shiru ana jiran tambarin ya bayyana.

Lokacin kuma ya dace da tashen Super Eagles, bayan zinaren da Najeriya ta ci a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Masu ɗaukar Brazil sukan ɗauko Roberto Carlos daga baya su kai shi gaba saboda gudunsa da ƙarfin bugunsa. Masu ɗaukar Najeriya kuwa makaminsu Tijjani Babangida ne, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax ta ƙasar Holan, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallo ɗaya tilo a wasanta da Denmark a Gasar Kofin Duniya ta 1998. A cikin gem ɗin an ba shi gudu na fitar hankali. Dabarar kawai ita ce a tura masa ƙwallo ta gefen dama a danne madannin gudu. Har yau masu tsohon gem a ƙasashe da dama suna tuna sunansa saboda wannan, ciki har da waɗanda ba su taɓa ganin wasansa na zahiri ba. A wurinmu kuwa, ganin ɗan Arewa a cikin na'urar da aka ƙera a Japan ba ƙaramin abin alfahari ba ne.

Gem na aljihu

Kafin wayar hannu akwai Game Boy, wadda Nintendo ya fitar a 1989. Allonta ba launi, ba ta da fitila, batir huɗu take ci. Wanda ya jagoranci ƙera ta, Gunpei Yokoi, ya yi imani da amfani da tsohuwar fasaha mai araha ta sabuwar hanya. Abokan hamayya sun fito da masu launi, amma suna shan batir kamar ruwa, sai Game Boy ta bar su a baya. Wasan da ya ɗaga ta shi ne Tetris, na jera tubala, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980, zamanin Tarayyar Sobiyet.

Mu dai abin da ya fi isowa hannunmu shi ne Brick Game, ɗan gem mai batir biyu da ake saya da kuɗin yawon sallah. Bayan shigowar layin GSM Najeriya a 2001 kuma sai wasan maciji na wayar Nokia 3310 ya karɓe fage. Yara da yawa da wannan macijin suka fara taɓa waya, bayan doguwar magiya ga Baba ko Yaya.

Abin da ke ɓacewa

Kewar tsohon gem ta zama babbar kasuwa a duniya. A 2016 Nintendo ya sake fitar da ƙaramar NES ɗauke da wasanni 30, ta ƙare a kantuna nan da nan. A 2021 an sayar da kaset ɗin Super Mario Bros. da ba a taɓa buɗewa ba a kan Dala miliyan 2. Kada wannan ya sa ku fara lissafi a kan kwalin gidanku, kaset ɗinmu na kwaikwayo ba ya cikin wannan sahu.

Duk da wannan kasuwa, wasannin kansu suna salwanta. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Faifai na karcewa, ƙaramin batirin da ke riƙe ajiya a cikin wasu kaset na mutuwa, talabijin mai doro na ƙarewa a hannun 'yan gwangwan. A nan gida ma ba wanda ya damu ya ɗauki hoton shagunan nan ko ya rubuta labarinsu.

Kuma ba tsofaffi kaɗai ke son su ba. A Disambar 2023, wani yaro ɗan shekara 13 a Jihar Oklahoma ta Amurka, Willis Gibson, ya buga Tetris na NES har ya kai mataki na 157, inda wasan ya daskare domin lissafinsa ya gaza ci gaba. Shi ne mutum na farko da aka tabbatar ya yi hakan, a wasan da ya girme shi da shekara fiye da ashirin.

Jiya da yau

Ba komai na da ne ya fi na yanzu ba. An yi satar kuɗin cefane saboda gem, an gudu daga makaranta, an yi faɗa. Amma akwai bambancin da ya kamata ku lura da shi. Gem na da yana da iyaka: kuɗinka ya ƙare, ko a ɗauke wuta, ko mai shago ya rufe, dole ka tashi. Kuma a cikin mutane ake yin sa, kafaɗa da kafaɗa. Na yau yana cikin aljihu, yana bin ka har kan katifa, da yawansu kuma an tsara su ne don kada ka ajiye, kana sayen data, ana tallata maka ƙarin rai ko sabuwar riga da kuɗi. Wasu ma sun yi kama da caca, ka biya ba ka san abin da za ka samu ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka, wato idan ya kai mutum ya kasa sarrafa kansa, wasan ya danne karatu, da barci, da mu'amala da mutane. Tunda yanzu babu mai shagon da zai kashe talabijin, kai ne za ka sa wa kanka lokaci.

Daga mai wasa zuwa mai ƙirƙira

Na'urar farko da ta fara amfani da kaset ɗin da ake zarewa a canza, Fairchild Channel F ta 1976, wani injiniya baƙar fata ɗan Amurka ne ya jagoranci ƙera ta, sunansa Jerry Lawson. Yana saurayi a birnin New York da gyaran talabijin ya fara. A Afirka ma an soma: akwai kamfanin Maliyo Games a Legas, da Leti Arts a Ghana, da Kiro'o Games a Kamaru, wanda ya fitar da wasan Aurion a 2016, duk suna gina wasanni a kan labaran nahiyar.

Ɗalibin da ke da damar shiga ɗakin kwamfuta na makaranta zai iya farawa da manhajar Scratch, wadda kyauta ce, aka kuma yi ta don yara su koyi haɗa wasa ta hanyar jera umarni kamar tubala. Abin da za a gina a kai kuwa muna da shi jibge: dara, da langa, da carafke, da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi. Idan kilobayit 40 ta ishi Mario, ƙaramar kwamfutar makarantarku ta isa a fara.

Shi kuwa ɗan yayata, sai da muka samo adafta a wurin mai gyaran rediyo, muka aro tsohuwar talabijin a maƙwabta, muka haɗa. Sau uku abokin gaba na farko yana kashe shi kafin ya gane lokacin tsalle. Ya tambaye ni inda ake ajiye wasa idan an gaji, na ce babu, idan ka mutu sai daga farko. Ya ce wannan ai zalunci ne. Amma bai ajiye hannun ba. Yana dab da shiga gidan dodo na farko aka ɗauke wuta, ya yi wata ƙara da na san ta tun shekaru fiye da ashirin da suka wuce. Da aka dawo da wutar bayan isha'i, shi ya fara zuwa ya ce, “Kawu, zo mu sake, amma wanda aka ci ya miƙa hannu.”